Faifan CD ko kile (filash na USB): wanne ya fi sauti a cikin mota?

Alhaji Mamman, Yamai:
Assalamu alaikum jama'a. Yanzu duk wanda ya shigo da mota daga Kwatano ko Lome, shawarar farko da ake ba shi ita ce ya cire rediyon asali mai cin faifai, ya sa mai kile da Bluetooth. Ni a wurina wannan asara ce. Faifan CD ya fi kile sauti nesa ba kusa ba, kuma ga hujja. CD yana ɗaukar sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, da bit 16, hagu da dama, jimla kilobit 1,411 a daƙiƙa. MP3 ɗin da ake loda wa mutane a kasuwa, wato sautin da aka matse don fayil ya ƙanƙance, yawanci kilobit 128 ne. Kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya ke nan. Sauran goman ina suka tafi? An zubar da su. Mai ja ya kawo tasa hujjar.

Usta Sani, mai gyaran rediyon mota, Wadata:
Wa alaikumus salam. Alhaji, lissafinka daidai ne, amma abin da ka gwada CD ne da MP3 mai 128, ba CD da kile ba. Kile mazubi ne kawai, abin da aka zuba masa shi yake bayarwa. Idan aka kwafe faifai zuwa WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, lambobin da ke cikin faifan su ne a cikin kilen, ko ɗaya bai ragu ba. FLAC, wani nau'in fayil ɗin sauti, ma haka, yana rage girman fayil zuwa kusan rabi ba tare da ya taɓa sautin ba.

Sannan wane faifai ake magana? Faifan kamfani da aka buga da inji daban, CD-R da aka ɗora a kwamfuta daban. Ka juya bayansa: na kamfani fari ne kamar azurfa, da ƙananan lambobi kewaye da ramin tsakiya, CD-R kuwa sau da yawa yana ɗan kore ko shuɗi, kana iya ganin iyakar inda rubutun ya tsaya. Mafi yawan waɗanda ke yawo a motocinmu CD-R ne, kuma daga MP3 aka ɗora su. Rediyo zai karanta 1,411, amma abin da aka zubar tun farko bai dawo ba. In kuma ka ga faifai ɗaya da waƙa ɗari, to ba faifan sauti ba ne, MP3 ne a jikin faifai, don faifan sauti bai wuce minti 80.

Alhaji Mamman:
Usta, na ji, amma mu tsaya kan abin da ke ƙasa. Rediyo nawa ne a motocin Yamai ke karanta FLAC? Tsofaffin masu ramin kile MP3 da WMA suka sani, wasu su ƙara da AAC. Wanda ya je wurin masu loda waƙa kuma ba WAV za a ba shi ba. Don haka a aikace kile na nufin MP3 maras kyau.

Hadiza, mai haɗa sauti a sutudiyo:
Baba Alhaji, a nan kana da gaskiya rabi. MP3 mai 128 yakan yanke siririn sautin da ya haura wajen hertz 16,000, amma ba wannan ne ke fara damun kunne ba, don manya da yawa ba sa ma jin wurin sosai. Inda yake tona kansa shi ne bugu mai kaifi: tafi, kacaukacau, kan bugun kalangu, da harafin "s" a bakin mawaƙi. Sai ka ji sun jiƙe, bugun bai fito tsaf ba. Idan aka hau 192 wannan yana raguwa ƙwarai, a 256 ko 320 kuwa mafi yawan mutane ba sa iya bambanta shi da faifai in an ɓoye musu wanda ke kunne, ko da a ɗaki mai shiru.

Mota kuma ba ɗaki mai shiru ba ce. CD na da tazarar desibel 96 tsakanin mafi ƙarancin sauti da mafi ƙarfi. Ƙaramar mota a kan gudron da gudu, ƙarar taya da inji da iska tana kaiwa wajen desibel 70 a ciki, in an sauke gilashi ta wuce haka. Ƙananan bayanan da CD ke taƙama da su suna ƙarƙashin wannan ƙarar.

Abin da ya fi ɓata kile shi ne 320 na ƙarya. Sautin YouTube a matse yake tun asali, kusan 128 zuwa 160. In aka sauke shi aka mayar MP3 mai 320, an matsa sau biyu, fayil ya yi nauyi, sauti ya ragu. Akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna Spek: ka jefa fayil a ciki, in hoton ya yanke ƙat a wajen 16,000 alhali an rubuta 320, ka san asalinsa.

Abdu direba, Tawa:
Ku kuna maganar sauti, ni ina maganar hanya. A ɗauki faifai a bi hanyar Tawa zuwa Abalak, ko a sauka gudron a hau jar hanya mai gargada. Idon rediyo, wato lezar da ke karanta faifai, yana bin layin da tazararsa da na kusa da shi ba ta kai kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba, faifan kuma yana juyi tsakanin sau 500 da sau 200 a minti. Rediyo mai ma'ajiyar kariya yana karanta ƴan daƙiƙoƙi a gaba, don haka rami ɗaya ba ya tsayar da shi. Gargada mai tsawon kilomita kuwa tana cinye ajiyar, sai tsalle. Ga zafin Afrilu da Mayu, waje ya haura 40, motar da aka rufe a rana cikinta ya haura 60. Rediyon Toyota da yawa yakan rubuta WAIT ya ƙi aiki har sai ya huce. CD-R da aka bari a kan tablo kuma rinin da ke riƙe da sautin a jikinsa ne ke lalacewa, ba ya gyaruwa. Sautin da ke yankewa, me kyansa ya amfana?

Usta Sani:
Abdu, ƙara da ƙurar hunturu. Amma yawancin rediyon da ake cewa ya mutu bai mutu ba, abu biyu ne. Na farko ido. A cire rediyon, a buɗe murfin sama, a ɗan jiƙa auduga mai tsinke da alkol isopropil, a shafa a hankali ba dannawa, don idon a kan siraran wayoyi yake rataye, a bar shi ya bushe minti biyar. Kada a sa fetur ko tina, idon roba ne, zai dushe har abada. Na biyu robar da ke jan faifai ciki. Ƙura na sa ta santsi, faifai ya shiga rabi ya dawo ko ya maƙale. Tsumma mai ɗan danshi ya isa.

Akwai ƙaramin sukurun da ke ƙara wa leza ƙarfi. Wasu na murɗa shi, rediyo ya tashi, bayan ɗan lokaci lezar ta ƙone gaba ɗaya. A bar shi.

Faifan kansa a goge shi daga tsakiya zuwa baki, kada a bi zagaye. Tsarin gyaran kuskure na CD yana iya cike giɓin da ya kai wajen milimita 2 a tsawon layi. Karcen da ya ratsa layuka kaɗan yake ci daga kowanne, wanda ya bi zagaye kuwa yana cin layi ɗaya da tsawo. Kuma gefen sama, mai ɗauke da sunan faifan, ya fi haɗari, bayanan suna dab da shi. Faifai mai takarda manne kada ya shiga rediyon mota, zafi na ɗaga takardar ta naɗe a roba.

Malam Isufu, Yamai:
Kun taru a kan faifai kamar kile ba shi da nasa ciwon. Kilen da ya wuce giga 32 yawanci da tsarin ajiya na exFAT yake zuwa, tsohon rediyo tsarin FAT32 kawai ya sani, sai ya ce babu komai a ciki. Rediyo da yawa ba ya bin jerin suna, yana bin jerin yadda aka kwafa fayilolin, surori su cakuɗe. Kwamfutar masu loda waƙa kan sa wa kile cutar da ke ɓoye manyan fayiloli (folda) ta bar hotonsu kawai. Ga kilen jabu da aka rubuta giga 64 alhali cikinsa bai kai ba, da ya cika sai sababbin fayiloli su lalace. Dogon kile kuma yana girgiza a gargada har ya karya ramin. Faifai fa? Ka tura, ya kama daga na ɗaya. Dattijo ba ya buƙatar yaro ya saita masa.

Mafi muni, masu tsohon rediyo suna sayen ƴar na'urar nan da ake cusawa a ramin kunna sigari, mai aika waƙa ta FM. Wannan kam faifai ya fi ta, ko CD-R ne.

Hadiza:
Malam, a kan na'urar FM ba ni da ja ko kaɗan. FM bai wuce hertz 15,000, rabuwar hagu da dama tana raguwa, ga shuu a ƙasa, ga tashoshin Yamai da suka cika layin suna kutsowa. Ko FLAC aka sa mata, sautin FM za a ji. Bluetooth ya fi ta, amma shi ma yana sake matsa sautin, yawanci da tsarin matsi na SBC wanda iyakarsa wajen kilobit 328 ne, kuma na'urori masu araha ba sa kai nan. Kile a ramin rediyon kansa shi ne hanyar da babu ƙarin matsi: rediyo ya karanta fayil ya miƙa wa ampli, kamar yadda yake yi da faifai.

Sauran matsalolin suna da magani. A ɗauki kile gajere na giga 16 ko 32, a yi masa format FAT32, a gwada shi da manhajar H2testw kafin a amince da girmansa. A sa lamba gaban suna, 001, 002, har 114, a kwafa su a jere zuwa kilen da babu komai a ciki. Kada babban fayil ɗaya ya wuce waƙa 255, wasu rediyoyin nan suke tsayawa. A ajiye kwafi a kwamfuta.

Malama Rabi, Tawa:
Mafi yawan abin da ake saurare a doguwar tafiya karatu ne da tafsiri, a yi lissafi da shi. Karatun da ya kai awa 30 minti 1,800 ne, faifai 23 ke nan, direba na canzawa yana tuƙi. A MP3 mai 128 bai kai giga 2 ba. Muryar mutum ɗaya ko 64 ta ishe ta in an ɗauka da kyau. Abin da ke damu a kile shi ne wani fayil ya yi ƙara wani ya yi ƙasa, saboda daga wurare daban aka tattaro su. Manhajar MP3Gain na daidaita su ba tare da sake matsa su ba. Abu guda da zan ba faifai: in an raba dogon karatu gida-gida, faifai na wucewa ba tsayawa, MP3 kuwa yakan bar ɗan giɓi a tsakani.

Alhaji Mamman:
Duk da haka ban sauka ba. A sa faifan kamfani a rediyon asali, sannan a sa kile a cikin rediyon nan mai babban allo maras suna da ake sayarwa. Na farkon ya fi cika kunne, kowa zai ji.

Usta Sani:
Zai ji, Alhaji, amma ba faifan ne ya yi aikin ba, rediyon ne. Kamfanin mota ya daidaita rediyonsa da sifikun motar, wasu ma da ampli daban a ƙarƙashin kujera. Masu arahar nan suna rubuta 4x50 wat, ainihin abin da suke bayarwa ba tare da karkacewa ba bai wuce wajen 20 ba, kuma in mai haɗawa ya tsallake amplin asali ko ya juya wayar sifika ɗaya, bas ya ɓace. Shi ya sa nake goyon bayanka a kan kada a cire rediyon. Da yawa daga tsofaffin Toyota, Peugeot da Volkswagen suna da rami a baya na akwatin canza faifai. Akwai na'urar da ake cusawa a nan, ta ba da ramin kile da na AUX (igiyar haɗa waya da rediyo), rediyo ya ɗauka akwatin faifai ne, maɓallan sitiyari su ci gaba da aiki. A duba yawan fil ɗin ramin kafin a saya, ba iri ɗaya ba ne ko a kamfani ɗaya.

Mai amfani da AUX kuma, in ya ji kuka mai tashi da sauka tare da totur yayin da waya ke caji, daga alternato ne yake bi ta wayar ƙasa. Ya cire caji ko ya sa ƙaramar na'urar tace wannan kukan, mai raba ƙasa, a kan igiyar. Mai motar Amurka da ya nace wa na'urar FM ya sani rediyonsa lambobin mara kawai yake kamawa, 88.1, 88.3, ya saita ta a kan irinsu. Kafin duk wannan a cire murfin ƙofa a duba sifika: soson bakinta zafi na rududduge shi, kuma sifikar da ta yage ba ta san CD ko MP3 ba.

Alhaji Mamman:
To a gwada a gani, ba da baki ba.

Hadiza:
Sai dai a gwada da ƙa'ida, Baba. Faifan kamfani ɗaya, a kwafe waƙa ɗaya da manhajar Exact Audio Copy zuwa WAV, daga WAV ɗin a fitar da MP3 mai 128 da mai 320. A mayar da ukun zuwa CD-R guda a matsayin faifan sauti, da gudu kaɗan kamar 8x, don duka su bi ta rediyo ɗaya da ƙarfi ɗaya. Wannan na da muhimmanci, don wanda ya ɗan fi ƙara kunne yakan ce shi ya fi kyau. A maimaita su a cakuɗe sau goma, wani ya riƙe jerin, mai saurare kada ya gani. A yi da mota a tsaye inji a kashe, a sake yi a kan gudron da kilim a kunne.

Malam Isufu:
A ƙara zagaye na uku ta na'urar FM, a tsakiyar gari kusa da Babbar Kasuwa, don da ita yawancin masu taksi ke ji.