Muhawara: Maki Kaɗai Ne Adalci Wajen Ba Da Gurbin Jami'a?

Malamin Lissafi: Ga matsayina. In gurbi 100 ne, masu nema 1,000, a jera su bisa makin jarrabawa, a tsaya a na ɗari. Duk abin da aka ƙara a kai, ko kaso ne (ware wa wani rukuni gurabe) ko duba makarantar da yaro ya fito, ƙwace ne daga hannun wanda ya yi ƙoƙari. Takardar jarrabawa ba ta san ɗan wane ba.

Shugabar Makaranta: Malam, mu ƙaddara yara biyu. Na farko ya ci 280 cikin 400 a makarantar da matsakaicin makinta 270 ne, ga ɗakin gwaje-gwaje, ga darasin yamma. Ta biyu ta ci 255 a makarantar da matsakaicinta 160, an shekara ba malamin kimiyya. Shi ya ɗara sa'o'insa da 10, ita ta ɗara nata da 95. Maki yana ɗauke da abu biyu a cakuɗe, ƙwazon yaro da abin da aka zuba masa. In ka jera su kawai, ka ba da lada a kan duka biyun ke nan.

Malamin Lissafi: To wa zai tsame wannan daga wancan, Hajiya? Da zarar an ce "a duba hali", masu hanya ne ke shigewa.

Lauya: Ba dole sai an bar wa wani jami'i ra'ayinsa ba. Jihar Texas ta Amurka ta yi doka a 1997: duk ɗalibin da ya fito cikin kashi 10 na saman ajinsa a sakandare yana da gurbi kai tsaye a jami'o'in gwamnatin jihar. Ba a tambayar launin fata, shi ya sa hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2023, wanda ya hana la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, bai rusa ta ba. Yaro yana gasa ne da waɗanda suka zauna aji ɗaya, malamai ɗaya.

Malamin Jami'a: Amma a faɗi inda take ɗingishi, Barista. Ɗalibi kan guje wa darussa masu wuya don kada matsayinsa ya sauka. Wasu iyaye kan mayar da ɗansu makaranta mai rauni don ya zama zakara a can. Sannan babbar jami'ar jihar da ke Austin ta kusa cika da masu wannan hanya, har a 2009 aka ba ta damar tsayar da su a kashi 75 na guraben 'yan jiha, ma'aunin ya tsananta ya yi ƙasa da kashi 10. Abin da ya fi damuna ma shi ne bayan an shiga. Zakaran makarantar da ba a gama manhajar lissafi ba, in aka jefa shi ajin injiniya ba shiri, zangon farko zai kayar da shi, ya fita da bashi da karyayyar zuciya. Wannan ma zalunci ne.

Mai Tantance Takardu: Shi ya sa tsarin kaso ke tsayawa ko faɗuwa a kan ƙananan sharuɗɗa. A duba dokar Brazil ta 2012. Rabin guraben jami'o'in tarayya na waɗanda suka yi sakandare gaba ɗaya a makarantar gwamnati ne. Rabin wannan rabin na 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, ana gane su ta hanyar raba kuɗin da gida ke samu da yawan mutanen gidan. A ciki kuma ana ware wa baƙaƙe, ruwa biyu da 'yan asalin ƙasa gwargwadon yawansu a ƙidayar jihar. Ina aka samu matsala? Mutum ne ke bayyana launin fatarsa ko asalinsa da bakinsa, aka riƙa yin ƙarya, sai da jami'o'i suka kafa kwamitocin tantancewa. Kuma "makarantar gwamnati" ta haɗa har da wasu zaɓaɓɓun makarantun tarayya da ba su rasa komai ba. Gyaran 2023 ya kawo abu mai kyau: a fara gwada ɗan kaso a jerin kowa da kowa, in makinsa ya kai ya shiga ta nan, ya bar kujerar kaso ga na bayansa.

Lauya: Indiya ma ta gamu da wannan. A kason kashi 27 na gurabe da aka ware wa al'ummomin da aka bari a baya, an cire 'ya'yan masu hali daga cikinsu, bisa hukuncin kotu na 1992. In ba haka ba, ɗan babban ma'aikaci ne zai cinye rabon ɗan manomi.

Malamin Lissafi: Kun manta Ingila a 2020. An soke jarrabawa saboda korona, aka sa lissafin kwamfuta ya daidaita makin da malamai suka bayar bisa tarihin kowace makaranta. Kusan kashi 40 na makin aka rage, haziƙan makarantu masu rauni suka ji jiki, cikin kwana huɗu aka janye tsarin. Ga ƙarshen duba makaranta.

Shugabar Makaranta: Wannan hujjata ce, Malam. A can an ɗauki raunin makaranta aka danne yaro da shi. Ni cewa nake yi kada a taɓa makin kowa, amma a karanta shi tare da inda aka samo shi.

Malamin Jami'a: Zan yarda in an cika sharuɗɗa uku. A sa mafi ƙarancin maki a darussan da kwas ya dogara a kansu, wanda babu kason da zai sauko da shi. Wanda ya kusa kaiwa a ba shi shekarar share fage, da kuɗinta a cikin kasafi tun farko. Kuma kowace shekara jami'a ta wallafa nawa suka shiga ta kowace hanya, nawa suka wuce aji ɗaya, nawa suka kammala.

Malamin Lissafi: Na ukun nan na karɓa hannu bibbiyu. Amma har yanzu akwai yaron da ya zo na 95, aka ba wani kujerarsa. Me za a ce masa?

Mai Tantance Takardu: A nuna masa ƙa'idar da aka wallafa tun kafin ya cike fom, da makin da aka tsaya a kai a jerinsa, a kuma ba shi wa'adin ɗaukaka ƙara gaban kwamitin da ba shi ya yi zaɓen ba.