Tambaya: Ta yaya firaministan Birtaniya yake faɗuwa bayan ya ci ƙuri'ar amincewa?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum, malamai da masana. A Disamba 2019 Boris Johnson ya kai jam'iyyar Conservative ga cin kujeru 365 cikin 650 na majalisar wakilan Birtaniya, rinjayen kujeru 80 ke nan. Ranar 6 ga Yuni 2022 'yan majalisar jam'iyyarsa suka kaɗa masa ƙuri'a, ya tsallake. Bayan wata guda ya sanar da murabus. Theresa May ma ta ci irin wannan ƙuri'a a Disamba 2018, ba ta cika wata shida ba ta ce za ta sauka. To in ƙuri'a ba ta kayar da su ba, kuma 'yan adawa ba su da yawan da za su kayar da su, mene ne ya kayar da su? Ina son a warware mini matakan dalla-dalla.

Malam Bazazzagi:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara raba ƙuri'u biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai ƙuri'ar yanke ƙauna ta zauren majalisa, wadda kowace jam'iyya ke shiga, ita kuma gwamnati dungurungum take nufa. Akwai kuma ta cikin gida, wadda 'yan majalisar jam'iyya mai mulki kaɗai ke yi wa shugabansu. Ta farkon ba ta cika kayar da gwamnati mai rinjaye ba, domin ɗan majalisar da ya tsani firaminista ba ya son a tafi babban zaɓen da zai iya cinye kujerarsa. Shi ya sa ranar 15 ga Janairu 2019 majalisa ta yi watsi da yarjejeniyar May ta ficewa daga Tarayyar Turai da ƙuri'a 432 a kan 202, washegari kuma mutanen jam'iyyarta da suka juya mata baya suka dawo suka ceci gwamnatinta da ƙuri'a 325 a kan 306.

Ta cikin gida tana hannun Kwamitin 1922, wato taron 'yan majalisar Conservative waɗanda ba su riƙe da muƙamin gwamnati. A shekarun da kake tambaya a kai Sir Graham Brady ne shugabansa, kuma ga yadda tsarin yake a lokacin. Duk ɗan majalisar da ya gaji da shugaba zai rubuta wa Brady wasiƙa. Brady ba ya faɗin sunan kowa, ba ya faɗin adadi, kuma mutum na iya janye wasiƙarsa in ya sauya shawara. Ranar da wasiƙu suka kai kashi 15 cikin ɗari na 'yan majalisar jam'iyyar, sai ya sanar da firaminista, a sa ranar ƙuri'a cikin gaggawa. A zamanin May adadin wasiƙa 48 ne, a zamanin Johnson 54. Ƙuri'ar ta sirri ce, rinjayen mutum ɗaya ya wadatar. Wanda ya faɗi ya sauka daga shugabancin jam'iyya, kuma ba zai shiga takarar maye gurbin ba. Wanda ya ci, ƙa'ida ta ce ba za a sake kaɗa masa ƙuri'a ba sai bayan shekara guda.

Wannan kariyar ta shekara guda ita ce take yaudarar masu kallo daga waje. Ba dokar ƙasa ba ce, ƙa'idar kwamiti ce, shugabannin kwamitin kuma na iya zama su canza ta a yini ɗaya. A Mayu 2019 maganar canza ta ce ta matsa wa May. A Yuli 2022 masu adawa da Johnson suna shirin cin zaɓen shugabannin kwamitin ne musamman don su buɗe ƙofar ƙuri'a ta biyu.

Hajiya Ta-Gwale:

Malam ya kawo tsarin daidai, amma ina ganin amsar tambayar tana cikin lissafin da ake yi bayan an ƙidaya ƙuri'u.

May ta samu 200, masu adawa da ita 117. Johnson ya samu 211, masu adawa da shi 148, wato kashi 41 cikin ɗari na mutanensa. Yanzu ka tuna cewa doka ta yarda ministoci har 95 su fito daga majalisar wakilai, ga kuma ƙananan mataimakan ministoci da masu muƙaman jam'iyya. Duk waɗannan ana sa ran su mara wa firaminista baya, tunda shi ya ba su abin da suke riƙe da shi. In ka cire su daga 211, za ka ga yawancin waɗanda ba su da abin da za su rasa sun riga sun bar shi. Kowane ɗan majalisa ya iya wannan lissafin, kowane minista ma haka. Kafin ƙuri'a ɗan tawaye ba ya sanin ko su ashirin ne ko su ɗari. Bayan ƙuri'a ya san su 148 ne, tsoro kuma ya fita daga ransa.

Daga nan aikin gwamnati ke fara tsayawa. Mai rinjayen 80, mutum arba'in da 'yan kai daga ɓangarensa sun isa su kayar da ƙudurinsa in suka koma wancan gefe. Masu tsawatarwa na jam'iyya, waɗanda aikinsu shi ne tabbatar da kowa ya kaɗa ƙuri'a inda aka ce, makamansu biyu ne: alkawarin muƙami da barazanar horo. Alkawarin mutumin da ake ganin ba zai kai baɗi ba, wa zai saye shi? Sai a fara janye ƙudurori, ana sassauta wasu, ana ɗage wasu, kowane ɓangare na jam'iyya yana karɓar rabonsa kafin ya yarda ya ɗaga hannu. May ma ba ta samu 200 ɗin nan kyauta ba, sai da ta yi wa 'yan majalisarta alkawarin ba ita za ta jagorance su zuwa babban zaɓe na gaba ba. Ta sayi wata biyar da wannan alkawari, ta kuma sayar da sauran kwarjininta.

Bugun ƙarshe daga majalisar ministoci yake zuwa. Dubi ranakun Johnson. Ranar 5 ga Yuli da yamma Sajid Javid na lafiya da Rishi Sunak na kuɗi suka ajiye aiki, mintuna kaɗan tsakaninsu, bayan ta bayyana cewa an sanar da Johnson ƙorafin rashin ɗa'a da ke kan ɗan majalisa Chris Pincher tun kafin ya naɗa shi mataimakin babban mai tsawatarwa. Johnson ya cike guraben a daren: Nadhim Zahawi a kuɗi, Michelle Donelan a ilimi. Kafin safiyar 7 ga wata sama da mutum 50 sun bar muƙamansu, Donelan ta yi murabus ba ta cika kwana biyu ba, Zahawi kuma ya fito fili ya ce masa ya tafi. Ma'aikatu sun zama babu isassun ministocin da za su kare ƙudurori a majalisa, waɗanda aka yi wa tayin kujerun kuma suna ƙi. A nan abin ya ƙare. Shi da kansa, a jawabinsa na murabus, ya kamanta 'yan majalisarsa da garke, wanda in ya motsa ya motsa.

Margaret Thatcher ma ta wannan ƙofar ta fita a 1990, ko da yake ƙa'idar zamaninta daban ce. Mataimakinta Geoffrey Howe ya yi murabus ranar 1 ga Nuwamba, ya yi jawabi mai zafi a majalisa ranar 13, tsohon minista Michael Heseltine ya fito takarar shugabancin jam'iyya da ita. Ranar 20 ga wata, tana birnin Paris wurin taro, ta samu 204, Heseltine 152. Ana buƙatar tazarar kashi 15 cikin ɗari, wato ƙuri'a 56, ita kuma tazararta 52 ce. Da ta dawo ta gana da ministocinta ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu suka ce mata ba za ta ci zagaye na biyu ba. Ranar 22 ta janye. Matar da ta ci babban zaɓe sau uku ke nan.

Ɗan Fagge:

Na gode Malam, na gode Hajiya. To amma ba shi da abin mayar da martani? Me zai hana ya kori masu tawaye daga jam'iyya, ko ya rusa majalisa a koma ga jama'a?

Bakatsine:

Yana da makaman biyu, ɗan'uwa, sai dai kowannensu yana aiki ne lokacin da mutum ke da ƙarfi. A Satumba 2019 Johnson ya dakatar da mutum 21 daga rukunin jam'iyya a majalisa, cikinsu har da tsofaffin ministocin kuɗi biyu, Ken Clarke da Philip Hammond. Ya sha da wannan domin zaɓe na tafe, kuma sauran suna ganin shi ne zai ci musu. Mutum 148 ba sa koruwa, in ka kore su ka kori rinjayenka.

Rusa majalisa kuwa roƙo ne da firaminista ke kai wa fadar sarautar Birtaniya. Dokar 2011 da ta ƙayyade wa'adin majalisa an soke ta a Maris 2022, don haka ikon neman zaɓe ya dawo hannunsa. Amma akwai tsohuwar al'ada tun 1950 da ta ce fada na iya ƙin amincewa in majalisa tana iya aiki kuma akwai wanda zai iya riƙe rinjaye. Jam'iyya mai rinjayen kusan 80 ba ta rasa wani mutumin ba. Ban da haka, firaministan da ya jefa mutanensa zaɓe don ya tsira da kujerarsa, da wane baki zai nemi su yi masa yaƙin neman zaɓe?

Akwai makami na uku da Firaminista John Major ya yi amfani da shi a Yuni 1995. Ya ajiye shugabancin jam'iyya da kansa, ya ce mai ja ya fito. John Redwood ya fito, Major ya doke shi 218 a kan 89, ya ci gaba har zaɓen 1997. Kundin jam'iyyar na yanzu ya toshe wannan hanya, shugaban da ya yi murabus ba ya shiga takarar da ta biyo baya.

Inda nake so in ƙara a kan maganar Hajiya shi ne abin da ke sa garken ya motsa tun farko. Abin kunya kaɗai ba ya yi. An ci Johnson tara a Afrilu 2022 saboda karya dokar kullen korona a fadar gwamnati, bai faɗi ba. Abin da ke tayar da hankalin ɗan majalisa zaɓen cike gurbi ne. A Disamba 2021 jam'iyyar ta rasa North Shropshire, mazaɓar da ake ɗauka gadonta ce. Ranar 23 ga Yuni 2022 ta rasa biyu rana ɗaya: Wakefield ta tafi Labour, mazaɓar Tiverton da Honiton ta tafi Liberal Democrat duk da rinjayen ƙuri'a sama da dubu 24 da aka samu can a 2019. Na arewacin Ingila ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, na kudu ma ya gani. Washegari ciyaman ɗin jam'iyya Oliver Dowden ya yi murabus. Pincher ashana ce kawai, itacen ya riga ya bushe.

Malam Bazazzagi:

Kada a manta da Liz Truss, domin tata matsalar daga wurin naɗi ta faro. A Conservative 'yan majalisa ke tace 'yan takara zuwa biyu, membobin jam'iyya masu kati su zaɓi ɗaya. A zagayen ƙarshe na 'yan majalisa Sunak ya samu 137, Truss 113, Penny Mordaunt 105. Membobi suka ba Truss 81,326, Sunak 60,399. Ta shiga ofis ranar 6 ga Satumba 2022 alhali ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisarta ne suka zaɓe ta, ta kuma bar manyan magoya bayan Sunak a waje. Ranar 23 ga Satumba ministan kuɗinta Kwasi Kwarteng ya sanar da rage haraji na kusan fam biliyan 45 ba tare da nuna inda za a cike giɓin ba. Fam ya faɗi, kuɗin ruwan bashin gwamnati ya tashi, Babban Bankin Ingila ya shiga kasuwa ranar 28. Ta kori Kwarteng ranar 14 ga Oktoba, Jeremy Hunt ya zo ya soke kusan duk shirin cikin kwana uku. Ranar 20, bayan ganawa da Brady, ta sanar da murabus. Ba a kaɗa mata ƙuri'a ko ɗaya ba. Da aka zo maye gurbinta sai aka ce kowane ɗan takara ya kawo sa hannun 'yan majalisa 100, Sunak kaɗai ya rage, membobi ba su kaɗa komai ba.

A Labour hanyar ta fi wuya. Ƙuri'ar yanke ƙauna ta 'yan majalisa ba ta tilasta wa shugaba sauka. A 2016 mutum 172 suka ce ba sa son shugabansu Jeremy Corbyn, 40 suka tsaya masa, ya ƙi tafiya, membobi kuma suka sake zaɓensa. Sai mai ƙalubale ya tara sa hannun kashi 20 cikin ɗari na 'yan majalisa, da sunansa a fili, kafin a buɗe takara.

Hajiya Ta-Gwale:

Ga wanda ya saba da tsarin shugaban ƙasa na Najeriya, inda tsigewa ke buƙatar kashi biyu cikin uku na kowane zaure da kwamitin mutum bakwai da Alƙalin Alƙalai ke naɗawa, wannan sauƙin sauke shugaba zai yi kama da baƙon abu. Amma an yi shi a nan a Jamhuriya ta Farko. A 1962 jam'iyyar Action Group ta rabu tsakanin Obafemi Awolowo da Firimiyan Yamma Samuel Ladoke Akintola. Gwamnan yankin, Ooni na Ife Adesoji Aderemi, ya sauke Akintola bisa takardar da 'yan majalisa 66 suka sa wa hannu, ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zaure ba, ya naɗa Dauda Adegbenro. Da majalisar ta zauna a Ibadan rikici ya ɓarke har da jifa da kujeru, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kafa dokar ta-ɓaci, ta tura Dokta Moses Majekodunmi ya riƙe yankin. Shari'ar ta kai kotun ɗaukaka ƙara ta Landan, wadda a 1963 ta ce sauke Akintola ya halatta. Kafin nan Akintola ya riga ya koma kujerarsa da sababbin abokan ƙawance, majalisar yankin kuma, a daidai lokacin hukuncin, ta gyara kundinta ta mayar da gyaran baya, ta yadda ba za a sauke firimiya ba sai da ƙuri'a a zauren majalisa.