Tiger I: in sayi na haɗawa 1/35 ko haɗaɗɗe 1/72?

Sabon Shiga: Salamu alaikum manyanmu. Ina son ƙaramin samfurin tankar yaƙi Tiger I ta Jamus kamar yadda take a yaƙin Kursk, Yulin 1943. Kuɗina dala 60 ne har da kuɗin aikowa, ba ni da na'urar feshi, faɗin kantata santimita 20. In ɗauki na roba da ake haɗawa 1/35 (wato ainihin tankar ta ninka shi girma sau 35), ko na ƙarfe haɗaɗɗe 1/72?

Mai Burushi: Wa alaikumus salam ƙanena. Bar Tiger tukuna, fara da tankar Rasha T-34. Tayunta biyar ne kowane gefe. Tiger ta farko tana da 24 a gefe ɗaya, 48 ke nan, kowace sai ka zagaye bakinta da baƙin fenti.

Ɗan Kurna: Malam, Tiger ya tambaya. Tsawonta da bindiga mita 8.45, a 1/35 kusan santimita 24, faɗi wajen 10. Ka ajiye ta a kwance da tsawon kantar, za ta zauna. Amma ka duba kwali: ta Kursk ba ta da zimmerit, wannan shafen mai tsaga-tsaga, sai bayan yaƙin Kursk aka fara shafa shi. Nemi mai doguwar ƙofar kwamanda kamar ganga, da matatun iska na Feifel a baya. Launi ruwan ƙasa mai rawaya, wanda aka koma wa a Fabrairun 1943.

Tsohon Hannu: Duk wannan ba shi ne matsalar ba. Sarƙar da ke zagaye tayu ce. Sarƙar roba mai laushi da ke zuwa cikin wasu tsofaffin kwalaye tana tsatso wani mai da ke cin robar tayu. Bazara biyu a ɗaki mai rufin kwano, tayun sun yi laushi kamar cingam, sarƙar ta tsinke a haɗi. Tankokin Panther uku na zubar, aikin wata takwas. Gam ba ya kama ta, sai ɗinki da zare ko narka ƙusoshinta da bakin sukudireba mai zafi. Kamfanin kuma ko amsa ba su ba ni ba.

Mai Burushi: Sai ya sayi sarƙar ƙarfe mai gaɓa-gaɓa. Gaɓa 96 kowane gefe, ana haɗa su da waya.

Ɗan Kurna: Ita kaɗai dala 35. Ina sauran kuɗin?

Na Gidan Ƙasa: 35 a ina? Ba ta kai 25 ba. Tiger ɗin kamfanin Tamiya ma 40 ake samu.

Tsohon Hannu: 40 a shagon Japan, ɗana. Kafin ta iso hannunka ta haura 70. Kuma maganar sarƙa ba ta ƙare ba: in dole sai ta roba, a fara feshe tayu da sarƙa da fentin shimfiɗa, a bi da banish, kada roba ta taɓa roba.

Na Gidan Ƙasa: Baba, da girmanka, kwalayen da kake magana na shekarun 1970 ne. Na yanzu da yawa sarƙarsu tana kama gam.

Tsohon Hannu: Wanda bai kai tankarsa bazara uku ba ya saurara kawai.

Alhaji Sherman: Tayu 48! Ko Jamusawan laka da ƙanƙara sun riƙa daskare musu tsakanin tayun a Rasha, balle kai da matsefata.

Mai Burushi: Burushi ya isa. Fentin akirilik, a tsinka da ruwa kamar madara, shafe uku siririya, awa ɗaya tsakani. Kafin manna sitikar lamba a sa banish mai sheƙi, in ba haka ba gefenta zai yi fari saboda iskar da ta maƙale. Kada a kwarara tina, ruwan tsinka fenti, a gaɓoɓi, tana sa roba ta yi gautsi ta karye.

Sabon Shiga: Na gode. To na ƙarfen fa?

Ɗan Kurna: Santimita 12 ne, ba aiki. Sai dai bindigar roba ce, takan iso a lanƙwashe.

Tsohon Hannu: In ta iso. Masu aiko kaya su ne ciwon. Fentin gwangwani da gam mai ruwa ba sa hawa jirgin sama saboda suna kama wuta, sai a cire su daga kunshi ba a gaya maka ba, kuɗinka ya tafi. Kwalin kuma har girmansa suke aunawa, ba nauyi kaɗai ba.

Na Gidan Ƙasa: Shi ya sa ake cewa mai sayarwa ya jefar da kwalin, ya nannaɗe firam ɗin sassan a leda.

Alhaji Sherman: Ka jefar da kwali? Ai rabin darajar tana jikin kwalin. Wa ya san mai kawo gam ta jirgin ruwa?