An yi mini awon lafiya a wurin aiki, an hana ni sakamakon

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka mini, abin ya tsaya mini a rai.

Shekara 6 nake ɗaukar buhunan siminti a wani magaza nan Yamai. Da yamma in na fyace majina, toka-toka take fitowa. Watan jiya maigidanmu ya kawo likita ya auna mu duka: hawan jini, ido, da hoton ƙirji. Likitan ya ɗaga hotona wajen taga, ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni ko ina tari da dare. Na ce eh. Bai ƙara cewa komi ba.

Bayan sati biyu aka ce in zauna gida "sai an gani". Sau uku ina neman takardar sakamakon, ana cewa tana ofis. Jikina ne fa, kuma yara huɗu nake ciyarwa.

Na ji dokar aiki ta 2012 ta ɗora wa mai aiki kula da lafiyar ma'aikata. To, tana ba shi damar riƙe sakamakona? In ƙurar ce ta taɓa huhuna, CNSS (asusun inshorar ma'aikata na ƙasa) zan fara zuwa ko wurin sufeton aiki? Ana cire mini kuɗin CNSS duk wata.