Fankar iska na tana juyawa amma batir ba ya caji, laifin fuka-fukan ne?

Dan_Layin_Dogo:
Slm 'yan uwa. Dan Allah masu ilmin injin iska ku taimaka min, na haɗa ƙaramin injin samar da wuta da iska, na yanka fayif ɗin PVC na yi fuka-fukai shida na ɗaura a kan mota ɗin da ke cikin tayar tsohon hoverboard (allon nan mai taya biyu da ake hawa, mai aiki da batir), tana juyawa ko da 'yar iska ce amma batir 12V ko motsi ba ya yi. In ƙara fuka-fukai ne ko in ƙara musu tsawo?

MaiWayarinGida:
Wslm. Malam kar ka ƙara, ragewa ma za ka yi. Fuka-fukai da yawa suna sa ta tashi da wuri amma ba ta yin gudu, shi ya sa irin fankar da ake jan ruwan rijiya da ita take da su birjik, ita ƙarfin murɗawa take so. Kai kuma janareto kake juyawa, gudu yake so kafin wutar ta haura ta batir. Koma uku. Je ka duba manyan injinan iska na Lambar Rimi a Katsina, guda 37 ɗin nan na kamfanin Vergnet na Faransa, fuka-fukai biyu-biyu ne ma kawai gare su.

Injiniya_Bunza:
Gaskiya ya faɗa, amma ni abin da na fi zargi shine siffar su. Fiffike ba tura shi iska take yi ba, ɗaga shi take kamar na jirgin sama, kuma ƙarshensa ya fi gindinsa gudu nesa ba kusa ba, a masu uku ƙarshen yakan yi kamar ninki 6 zuwa 7 na gudun iskar kanta, toh kaga iskar da gindi yake gani daban wadda ƙarshe yake gani daban, dole a murɗe shi, gindi ya yi faɗi ya karkata sosai, ƙarshe ya sirance ya kusa miƙewa. Yawancin masu yanka fayif faɗi ɗaya suke yi tun daga sama har ƙasa, sai ƙarshen ya koma birki. Gefen da yake fara sarar iska ka goge shi ya yi zagaye, na baya ya yi siriri.

Batun tsawo kuwa, in ka ninka shi faɗin da yake sharewa ya ninku 4, amma juyin zai ragu, mota ɗinka ba zai so haka ba. Kuma kar ka sa ran kwashe duk ƙarfin iskar, Albert Betz ɗan Jamus ya lissafa iyakar abin da za a iya kwasa kashi 59.3 cikin ɗari ce, na hannu ba sa ko kusantar ta.

Yar_Tudun_Wada:
Ku tambaye shi a ina ya kafa ta tukuna 😅 in a kan rufin gida ne tsakanin gine-gine wlh wahala kawai yake, iskar wajen a hargitse take. Gudun iska in ya ninku ƙarfi ninki 8 yake yi. Sannan da hunturu ƙura tana maƙalewa tana cin gefen gaba na fuka-fukan, a riƙa gogewa.

Dan_Layin_Dogo:
Na gode sosai Allah ya saka. A kan rufi take kam, zan nemi doguwar sandar ƙarfe. Injiniya in da katako zan sassaƙa ya zan yi su zo nauyi ɗaya?

Injiniya_Bunza:
Ka auna kowanne a sikeli, bayan ka haɗa ka sake ta ka gani, wanda ya riƙa komawa ƙasa shi ya fi nauyi, sai ka ƙara wosha a ɗaya ɓangaren. Kar ka ɗaga ta ba ka yi wannan ba, girgiza zata cinye maka boris.