Manhajarmu tana kan GPLv2, laburaren da muke so yana kan Apache 2.0: ina mafita?

Mai tambaya

Assalamu alaikum. Muna kula da wata manhaja ta buɗaɗɗen tushe da aka rubuta da C++, tana kan lasisin GPLv2, kuma mutum kusan 40 ne suka taɓa zuba kod a cikinta. Yanzu muna son haɗa ta da wani laburare, wato tarin kod da wasu suka rubuta don a yi amfani da shi cikin manhajoji, mai lasisin Apache 2.0, sai aka ce mana lasisan biyu ba sa zama wuri ɗaya. Shin haka ne? In haka ne, za mu iya canja fayil ɗin COPYING, wanda ke ɗauke da rubutun lasisin, zuwa GPLv3 mu wuce, ko sai mun nemi izinin kowa?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka taɓa COPYING tukuna, amsar ba ta cikinsa. Buɗe fayilolin kod ɗin ka karanta bayanin da ke saman kowanne. Idan an rubuta siga ta 2 tare da kalmomin "any later version", wato ko kowace siga ta gaba, sashe na 9 na GPLv2 ya riga ya ba ku damar bin GPLv3 ba tare da kun tambayi kowa ba. Idan siga ta 2 kaɗai aka ambata, kamar yadda kernel na Linux yake, ƙofar a rufe take. A tsarin SPDX, mai ba kowane lasisi gajeriyar alama, na farkon shi ne GPL-2.0-or-later, na biyun GPL-2.0-only.

Abin da aka gaya maka gaskiya ne a matsayar gidauniyar FSF, wadda ta wallafa lasisin GPL. Sashe na 6 na GPLv2, wanda ya fito a 1991, ya hana ɗora wa mai karɓar manhaja wani sharaɗi na ƙari. Shi kuwa Apache 2.0 na 2004 yana da sharaɗi a sashe na 3: wanda ya kai ƙara cewa aikin ya keta haƙƙinsa na ƙirƙira (patent), izinin haƙƙin ƙirƙira da aka ba shi a kan aikin ya faɗi. GPLv2 bai san wannan ba, don haka ƙari ne. GPLv3 da ya fito ranar 29 ga Yuni 2007 an tsara shi ne yadda zai ɗauki irin waɗannan sharuɗɗa. Amma hanyar ɗaya ce: kod na Apache yana shiga aikin GPLv3, na GPLv3 ba ya komawa Apache.

Idan kun dace duk fayilolinku "or later" ne, ba sai kun sake musu lasisi ba. Ku bar su yadda suke, ku bayyana cewa manhajar da aka haɗa ana rarraba ta ƙarƙashin GPLv3, ku saka rubutun lasisin Apache, da fayil ɗin NOTICE na laburaren in yana da shi. Fayil ɗaya tak da aka ɗauko daga wani aikin "only" ya isa ya ɓata lissafin, shi ya sa binciken ya zama na fayil-fayil. Manhajojin binciken lasisi irin su ScanCode ko FOSSology za su rage muku wahala.

Mai tambaya

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba. Yawancinsu siga ta 2 kaɗai suka ambata, wasu kuma babu komai a samansu.

Amsa ta biyu

To ɗan'uwa, aikin neman izini ya same ku. Waɗanda babu komai a samansu, kada ku dogara da jimlar sashe na 9 da ta ce in ba a ambaci siga ba mutum ya zaɓi wadda ya ga dama. Tunda rubutun GPLv2 ne a COPYING, wani zai iya cewa an ambata, kuma ba kwa son gina aikinku a kan gardama.

Ku fara da fitar da sunaye: `git shortlog -sne` zai ba ku kowa da imel ɗinsa, ku gyara fayil ɗin .mailmap don mutum ɗaya mai adireshi uku kada ya zama mutum uku. Wannan jerin bai cika ba. Akwai gyare-gyaren da wani ya aiko ta imel, mai kula da aikin ya shigar da sunansa, musamman idan kun taso daga SVN ko CVS, tsofaffin tsarin adana tarihin kod kafin git. Sai an bi bayanan shigarwar ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma wanda ya rubuta kod ɗin a bakin aikin kamfani. Sau da yawa haƙƙin mallakar na kamfanin ne, amincewarsa shi kaɗai ba ta wadatar ba. Wanda ya rasu, haƙƙin yana hannun magadansa. Layin Signed-off-by na DCO (Developer Certificate of Origin), wanda mai gudummawa ke sa wa gyaransa, ba izinin canja lasisi ba ne, shaida ce kawai cewa mutum yana da ikon bayar da kod ɗin ƙarƙashin lasisin da ake kai.

Saƙon da za ku aika ya faɗi ainihin lasisin da alamar SPDX ɗinsa, ya nemi amsa a rubuce, ku adana amsoshin inda ba za su ɓace ba. Shiru ba amincewa ba ne. Wanda ya ƙi ko aka rasa shi, ku gano layukansa da `git blame -w -M -C`, a cire su, wani ya sake rubuta aikin daga bayanin abin da ake so ya yi. Canja sunayen abubuwa a tsohon kod ba sabon rubutu ba ne. Ku kuma sani blame na nuna wanda ya taɓa layi a ƙarshe ne, asalin marubucin yana iya ɓoye a ƙasa.

Shawarata ku nemi GPL-2.0-or-later, kada ku nemi GPLv3 kaɗai. Haka masu Dolphin, manhajar kunna wasannin GameCube da Wii a kwamfuta, suka yi a 2015: suka bi masu gudummawa, suka sake rubuta abin da ba a samu izininsa ba. Da wannan za ku iya ɗaukar Apache yau, kuma ayyukan da ke kan GPLv2 ba su rasa damar ɗaukar kod ɗinku ba. Tsofaffin fitowar da kuka riga kuka saki suna nan kan lasisinsu na da, ba a janye shi.

Amsa ta uku

Na yarda da malaman da suka gabace ni, sai dai kafin ku shiga wannan dogon aiki ku gwada hanyoyi masu sauƙi. Masu OpenSSL, laburaren ɓoye bayanai, sun sanar da shirin komawa Apache 2.0 a 2017, amma sai a Satumba 2021 siga ta 3.0 ta fito da shi. Abin yana cin lokaci.

Ku sake karanta lasisin laburaren da kyau. Da yawa, musamman a duniyar harshen Rust, suna kan "MIT OR Apache-2.0", ku zaɓi MIT, magana ta ƙare. Wasu suna ɗauke da keɓancewar LLVM, wani ƙarin rubutu a kan lasisin Apache da aka rubuta don a iya haɗawa da GPLv2. Idan marubutan laburaren mutum biyu ne ko uku, roƙonsu su ƙara MIT ya fi bin mutum 40 sauƙi. In kuma laburaren yana da shirin da ake kira ta layin umarni, ku kira shi a matsayin shiri dabam maimakon haɗa shi cikin naku. FSF na ɗaukar wannan a matsayin shirye-shirye biyu, muddin ba sa musayar tsarin bayanansu na ciki.

Ku yi hattara da LGPLv3 ma, shi ma ba ya haɗuwa da GPL-2.0-only, alhali LGPL 2.1 yana haɗuwa. Irin wannan tarko ne ya hana manhajar zanen injiniya LibreCAD, mai GPLv2 da ya gada daga QCad, amfani da LibreDWG mai GPLv3 wajen karanta fayilolin DWG. Don haka ku bincika duk laburaren da kuke haɗawa da su yanzu, har da waɗanda suke jawowa a bayansu, kafin ku tsayar da lasisin da za ku rubuta a saƙon neman izini.