Wa ya taɓa samun matsalar ido bayan shaƙar hayaƙin janareto ko gawayi?

Maman Khairat: Salam 'yan uwa. Ƙanina ne ya kwana a shago janareto a kunne ƙofa a rufe, da asuba aka fito da shi a sume, Allah ya sa da sauran kwana ya farfaɗo. To amma yanzu dishi-dishi yake gani, in ka miƙa masa kofin shayi sai ya riƙa lalube a gefe. Dan Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana, ganin yana dawowa kuwa?

Abban Sadiq: Subhanallah, Allah ya ba shi lafiya. Mu namu kaskon gawayi ne da hunturu, taga an toshe ta da tsumma saboda sanyi, na tashi kai kamar zai tsage ga jiri ga amai, komai biyu-biyu nake gani. A asibiti suka sa min oksijin, nawa kam bai jima ba ya washe alhamdulillah.

Anti Nas: Maman Khairat kar ku zauna jira wlh. Na sha ganin irinsu a wajen aiki. Iskar sunanta carbon monoxide, ba wari ba kala, kuma tana kama jini fiye da oksijin sau sama da 200, sai jijiyar gani da bayan ƙwaƙwalwa inda ake tace abin da ido ya gani su rasa oksijin, wani ma har jini ke tsattsafowa a can cikin idon. Ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin na jini kuma yaudara yake, sai ya nuna 98 alhali mutum na cikin haɗari. A kai shi likitan ido ya leƙa ciki, a ga na ƙwaƙwalwa ma.

Ummu Hanif: Hmm Anti kin tuna min da Innarmu. Ita fa garau aka sallamo ta har da zuwa biki, sai bayan 'yan makonni mantuwa ta fara, sannan ganin ya tafi, dangi kowa da tasa wannan ya ce sammu wancan ya ce iska. Likitan ido ya duba ya ce idon ƙalau yake, a ƙwaƙwalwa matsalar take. Ganin ya dawo a hankali amma ba duka ba, yanzu tana gane mutane sai dai zare a allura kam sai jikoki.

Anti Nas: Eh yana yin haka, daga kwana 2 har zuwa wajen 40 abin kan iya biyo baya, shi ya sa ko an sallami mutum a ci gaba da sa masa ido.

Maman Khairat: Na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Gobe da sassafe za mu kai shi insha Allah, janareton ma Yaya ya fitar da shi can bayan shago nesa da taga.